Shekara 35 a rabin fallen takarda: yadda muka kwashe da masu buga takardu

Shafi tara na tarihin rayuwata na rubuta a cikin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kwana huɗu ina yi, kullum bayan sallar isha'i, ina rubutu ina gogewa. Da na miƙa wa yaron da ke zaune gaban kwamfuta, sai ya kaɗa shafukan da babban yatsa kamar mai ƙirgar kuɗi, ya ɗago kai ya dube ni.

"Baba, wanga ai littahi na. Wurin da ag gare mu bai hi tahin hannu ba."

Ya ɗauko farar takarda, ya ninka ta biyu, ya buɗe, ya nuna mini ɓangaren hagu na ciki. Nan ne wurina. Bango na hoto ne, dama ta tsarin taro ce, baya kuma godiya da addu'a. Ya ce idan ana so dattawa su iya karantawa ba tare da gilashi ba, kada a wuce kalma 170.

A watan Afrilun 2024 na ajiye aiki, bayan shekara 35 ina malamin gona. Ƙa'idar aikin gwamnati ke nan, ko shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, wadda ta riga cika. 'Ya'yana da abokan aiki suka ce sai an yi walima bayan ƙaramar Sallah, babbar 'yata kuma ta kafe sai an buga takardar taro mai ɗauke da taƙaitaccen tarihina, kamar yadda ta ga an yi wa surukinta. Ni ban so ba, amma wa ya isa da ita? Tun daga ranar walimar mutane ke tambayata inda aka buga, musamman waɗanda ritayarsu ta gabato, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai yabo a bakina akwai kuma suka, mai shagon kuwa ya girme ni.

Yana cikin jerin shagunan buga takardu da ke wani lungu ba nisa da titin Emir Yahaya a Sakkwato. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Kwamfuta uku, injin fotokwafi, babbar firinta mai kala, abin yankan takarda, fanka biyu da benci. Aikinsu katin ɗaurin aure, kalandar biki, fastocin 'yan siyasa, da takardun ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi waɗanda ba sa rabuwa da wurin. Suna da sola, don haka kwamfuta da fanka ba sa tsayawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Sai dai babbar firintar ba ta tashi da sola, sai wutar NEPA ko janareta. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Akwai kula cike da ruwan sanyi a bakin ƙofa, wanda ya zauna ya sha kyauta. Na sha kofi uku a ranar farko, ba wanda ya harare ni.

Kuɗi: naira 5,000 na bugawa da tsarawa, 350 kowane kwafi a takarda mai sheƙi. Mun nemi 200, ya kama 75,000, mai shagon ya yanke mana 3,000 da kansa ba mu roƙa ba. 'Yata ta riga ta tambaya a wurare biyu, ɗaya ya ce 400 ɗaya 450. Na ba da 40,000 kafin alƙalami, aka ce in dawo gobe da la'asar in duba.

Na dawo. Yaron ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Hannunsa na da sauri, wannan ba a ƙwace masa ba, manhajar zane ta CorelDraw kamar a cikinta aka haife shi. Tsarin ya yi kyau, kore da fari, da zanen zangarniyar gero a gefe saboda ya ji an ce malamin gona ne. Na sa gilashi na fara karantawa. An haife shi a shekarar 1965. Ya yi karatun allo a gaban mahaifinsa. Ya yi firamare, ya yi sakandare, ya yi Kwalejin Aikin Gona ta Zuru. Ya kama aiki a 1989. Ya riƙe muƙamai daban-daban. Mutum ne mai haƙuri da son zumunci. Yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye.

Na ce, "Ɗana, wa yac ce maka ina sha'awar tahiye-tahiye?"

Ya ce, "Baba, haka aka sa wa kowa."

Ni da shekara 35 nake bisa babur a cikin rairayi da laka, wanda yanzu ko Kware aka ce in je sai bayana ya amsa, ni ne mai sha'awar tafiye-tafiye. Mahaifina kuma bai taɓa karantar da ni ba, makiyayi ne kuma manomi, wurin wani malami a unguwarmu na yi allo. Ashe yaron bai karanta shafi taran ba. Ya tsinci shekaru ne kawai, ya buɗe tsohon aikin wani, ya cire sunansa ya sa nawa. Ina gangarawa ƙasa sai na ga abin da ya sa na cire gilashin na goge na mayar. Layin ƙarshe cewa ya yi: "Allah ya jiƙan shi da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa." Takardar addu'ar arba'in ta wani bawan Allah ce aka ɗora ni a kai.

Na ce amin, domin addu'a ce ba a ƙin ta, amma a bari sai lokacin ya yi. Ɗaliban da ke kan benci suka fashe da dariya, yaron ya rasa inda zai sa kansa. Da a ce na aiko yaro ya duba mini, ko na ce su buga kawai na yarda da su, da kwafi 200 aka raba wa jama'a ina zaune a gabansu ana yi mini ta'aziyyar kaina.

Sai kuma maganar ƙugiya. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a rubutun gaba ɗaya. Inda aka so a ce ya bauta wa ƙasa, an rubuta ya bauta wa kasa, kasa kuwa kowa ya sani macijiya ce, na kashe su ba adadi a fadama. Yaron ya ce babu haruffan a allon kwamfutarsa. Wata ɗaliba da ke jiran aikinta ce ta ce ya rubuta a waya, ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya kwafe. Ya yi hakan, sai haruffan suka fito kamar ƙananan akwatuna, domin salon rubutun da ya zaɓa bai san su ba. Sai da ya gwada salo huɗu kafin ya samu wanda ya karɓa. A tsakiyar Sakkwato, a shagon da rabin aikinsa da Hausa ne, abin kunya ne a ce sai abokin ciniki ya yi gardama kafin a sa wa harafi ƙugiyarsa. Na tambayi ajami ma, saboda yawancin manoman da na gayyata da shi suke karatu. Aka ce babu, sai dai in samu mai rubutun hannu a ɗauki hotonsa. Lokaci ya ƙure, na haƙura.

Duk wannan hayaniya mai shagon yana can ƙurya bisa buzu yana jan carbi, bai ce uffan ba. Sai da dariya ta lafa ya ce wa yaron ya miƙo masa littafin. Ya sa gilashinsa mai igiya, ya karanta shafi taran daga farko har ƙarshe, muna zaune. Ya fi minti ashirin. Da ya gama ya ce, "Malam, matso nan." Saboda wannan dattijo nake rubutun nan, ba saboda firinta ba.

Ashe a ƙuruciyarsa marubucin wasiƙa ne a bakin gidan waya, zamanin da ake buga tangaraho ana biyan kuɗi kalma-kalma. Ya ce mutum zai zo masa da labarin awa guda, rashin lafiyar uwa da rigimar gado da bashin da ake bin ƙane, shi kuma aikinsa ya mayar da shi kalma goma, kuma wanda ke Legas ya karanta ya hau mota a ranar. Ya ce abin da ya koya shi ne mutum ba ya sanin abin da ya zo faɗa sai an tambaye shi. Sannan ya tambaye ni: "In na tahi Goronyo yau, nic ce ina cigiyar wane, na ambaci sunanka da muƙaminka, za a gane ka?"

Na ce wallahi da wuya. Ya ce to da mi aka sanin ka? Na yi dariya na ce Malam Mai Tiyo.

Ya ce, "To ga tarihinka nan, kai ko ka ɓoye shi shahi na shida."

Gaskiyarsa. Lokacin da na kama aiki, yawancin masu noman rani a fadamun Rima da jigo suke ban ruwa. Wanda bai san jigo ba: doguwar sanda ce a kan gwafa a bakin rijiya ko gulbi, an ɗaura dunƙulen laka ko dutse a gindinta, guga a ɗaya bakin. Mutum ya ja, guga ta nitse, ya saki, nauyin ya ɗago ta, ya juye a magudana, ruwa ya bi fangali-fangali. Daga asuba har rana ta take, abin da ƙato zai iya shayarwa bai taka kara ya karya ba. A shekarun 1990, da shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo, mu ne muka riƙa shiga ƙauyuka da bututun roba da ƙaramin inji, muna haƙa 'yar rijiya a yini ɗaya, mu haɗa tiyo, mu ja igiya. Na ga dattijo ya ja da baya yana salati ranar da ruwa ya fara feshi daga tiyo mai inci uku. Abin da yake yi a kwana uku, injin ya yi kafin ya gama cin goro. Albasa da tafarnuwa da tattasai da ake lodawa a manyan motoci daga Goronyo da Wurno da Gada zuwa Kudu, da yawansu a kan wannan tiyo suka tsaya. Kullum da nadin tiyo a bayan babur ɗina, sunan ya bi ni.

Muka zauna da dattijon, shi da jan biro ni da baƙin ciki, muna yanka.

Farin 1973 ya fara tafiya. Ina da shekara takwas, na ga shanun mahaifina suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rantse ɗaya daga cikin 'ya'yansa sai ya yi boko ya samu abin da ba ya mutuwa da fari. Shafi guda da rabi na ba wannan. Dattijon ya ce duk wanda ya kai shekarunmu a wannan ƙasa yana da nasa labarin na 1973, ba nawa ba ne ni kaɗai. Ya bar mini rabin jimla.

Na yi gardama a kan maganar jihohi, na kuma ci. Argungu aka fara tura ni a 1989, shekara guda bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na III, lokacin Argungu tana jihar Sakkwato. A watan Agustan 1991 aka yanke Kebbi, aka ce kowa ya koma jiharsa, na tattara. Aka kai ni Talata Mafara, gefen dam ɗin Bakolori, na zauna har Oktoban 1996, aka yanke Zamfara, na sake tattarawa. Sau biyu ina kwance a ɗakina gari ya waye na zama baƙo. Na ce wannan dole ya shiga, domin 'ya'yana ba su san Zuru da Argungu da Gusau duk jiharmu ɗaya ce a da ba. Ya yarda, ya matse shi a layi biyu, kuma ya fi yadda na rubuta daɗi.

Ambaliyar Satumban 2010 ita ta fi yi mini ciwo. Shekarar da ruwa ya ci garuruwa a Goronyo da Wurno da Kware, ya karya hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kwana da kwanaki ina cikin kwalekwale da littafi a cikin leda, ina rubuta sunan wanda gonarsa ta nitse, ina wucewa ta saman gero da dawa da na san ranar da aka shuka su. Akwai inda kan rumbu kawai ake hangowa. Shafi biyu ne a littafina. A takardar taro ya zama: "Yana cikin waɗanda suka yi aikin ƙididdigar ɓarnar ambaliyar 2010." Ba ƙarya a ciki. Amma wanda ya karanta zai ɗauka a ofis na zauna da fanka.

Akwai kuma wani tsoho a wani ƙauye gabas da Goronyo, wanda ya shekara biyu yana ƙin injina. Kullum amsarsa ɗaya, jigo ba ya shan mai. Shi ya koya mini gane albasar da ta fara ruɓewa a cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da hanci kawai, tun daga nesa, abin da ba a koya mini a Zuru ba. Ya rasu da daɗewa. Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya gagari masu noman rani har wasu suka fara neman injin sola, ɗansa ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam, ka tuna maganar tsoho?" Na so ƙwarai a sa shi. Dattijon ya ɗaga biro ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce, "Wanga ba ya shiga layi guda, in an matse shi mutuwa zai yi. Ka hwaɗe shi da bakinka ranar." Haka na yi, kuma nan ne kaɗai mutane suka daina fifita suka saurara.

Muna cikin yankan nan na ce masa abin ya fara kama da sanarwar rasuwa ta gidan rediyon Rima: wane ya rasu yana da shekara kaza, ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza, za a yi jana'iza ƙarfe kaza. Ya ce ai Sarkin Musulmi Abubakar shekara 50 ya yi bisa gado, daga 1938 zuwa 1988, in ka tari yaron nan na kwamfuta ka ce ya ba ka tarihinsa, ko layi biyu ba zai cika ba, balle kai mai tiyo. Yaron ya yi kamar bai ji ba.

Mun tashi da kalma 168. Bai karɓi ko sisi a kan wannan zama ba, ya kuma ci masa kusan awa biyu. Layin da na fi so shi ya tsara shi: "Manoman fadamar Goronyo da Wurno sun san shi da Malam Mai Tiyo, domin a hannunsa da yawansu suka fara ganin injin ban ruwa."

To, sai karɓar aiki. An yi mini alkawarin Alhamis da yamma, walima Asabar da safe. Alhamis na hau kabu-kabu tun daga Mabera, aka ce ba wuta tun jiya, janareta kuma yana wurin gyara. Babu wanda ya kira ni, alhali lambata tana rubuce a kan rasit. Juma'a bayan masallaci na koma, an buga rabi. Sai ƙarfe tara na dare ɗana ya karɓo sauran. Da muka ƙirga a gida 200 ne cif, wannan na yaba, amma kusan 20 an yanke su a karkace, har gefen zangarniyar geron ya tafi. Na ware su. Kalar ba ta zuba, na gwada da jiƙaƙƙen yatsa. Hoton ne dai abin magana. Yaron ya wanke mini fuska har na koma fari sol, ya share tsagar gefen fuskata da furfurar gemu, wai gyara. Jikata ta duba ta ce wane ne wannan. Rana ta shekara 35 tana gasa fatar nan a fadama, shi ya goge ta a minti biyu, kuma a kwamfutar da na duba ranar da na koma dubawa hoton ba haka yake ba, daga baya ya yi mini gwaninta.

Wanda zai je, ga abin da zan ce masa. Farashinsu da sauƙi, takardarsu mai kyau ce, ba sa cin kwafi. Amma ka je da kanka, ka karanta kowane layi har na can ƙasa, ka sa a fitar maka da kwafi ɗaya a takarda ka gani da idonka kafin a buga sauran, ka ce kada a taɓa hoto. Idan taronka Asabar ne, ka ce musu Laraba ne. Kuma ka je da la'asar, lokacin da dattijon ke nan, domin da safe yana gona. In ba ya nan, za ka fito da haƙuri da son zumunci da sha'awar tafiye-tafiye kamar kowa.

Ranar walima takardun sun yi amfani, yawanci a matsayin mafici. Manoma sun zo daga Goronyo mota guda. Ɗaya daga cikinsu ya sa ɗansa ya karanta masa, da aka zo Mai Tiyo ya buga cinya ya ce, "Shi na!" Uwargida kuwa ta karɓi nata ta shiga ɗaki. Da dare, bayan an watse, ta ajiye mini shi a kan tabarma, ta ja layi da biro a ƙarƙashin kalma shida: "Allah ya albarkace shi da iyali." Ta ce ita da ta yi jego a ɗakin haya a Argungu, ta ɗaure kaya a bayan akori-kura sau biyar, ta sayar da ɗan kunnenta shekarar da babur ɗina ya ƙone, ita ce iyali? Tsohon Goronyo ma ya samu minti goma a jawabi. Na ce wuri ne ba shi da yawa. Ta ce zangarniyar gero ta samu wuri. A shafi taran ma, da na koma na duba a raina, layi uku na ba ta. Wannan ba laifin shago ba ne.

Bayan mako biyu na tuna na bar littafina a can, na koma karɓa. Dattijon ba ya nan. Yaron ya tashi ya gaishe ni da fara'a, ya shiga laluben durowa. Ina tsaye idona ya faɗa kan kwamfutarsa. Kore da fari, zangarniyar gero a gefe, hoton wani mutum mai ƙiba da babbar riga wanda ban sani ba, an ce tsohon akanta ne zai yi ritaya. An canza suna, an canza shekaru. A layi na bakwai, manoman fadamar Goronyo da Wurno sun san shi da Malam Mai Tiyo.

Na ce, "Ɗana, zo ka goge wanga tun ina tsaye."